Kafin na'ura, a koya wa ɗaliban jinya ƙirga numfashi

A makarantun koyon aikin jinya da dama, darasin kula da majinyacin da jikinsa ya yi tsanani can ƙarshen manhaja ake ajiye shi. Sai ɗalibi ya kusa kammalawa a kai shi sashen kulawa ta musamman, wanda ma'aikata suka fi kira ICU, ya yi 'yan makonni yana tsaye a gefen gado, hannuwa a baya, yana kallon layuka masu launi suna gudu a allo. Ya haddace sunayen na'urori, ya rubuta su a jarrabawa, ya ci. Bayan 'yan watanni a ba shi aikin dare a ɗakin kwanciya na gama-gari, gadaje jere, babu allo ko ɗaya, kuma a cikin gadajen nan akwai wani bawan Allah da jikinsa ya fara rikicewa tun la'asar. A ganina an kifa tsarin ne. Wannan darasi na shekarar farko ne, na kowane ɗalibi ne, kuma da ido da hannu da agogo ya kamata a fara shi.

Tsananin ciwo hali ne da jiki ke shiga, ba shi da ruwa da sunan ɗakin da aka kwantar da mutum. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2025, wanda ya duba majinyata kusan 20,000 a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22, ya gano cewa ɗaya cikin takwas na waɗanda aka kwantar yana cikin tsananin ciwo, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan a ɗakunan kwanciya na gama-gari suke. Ɗaya cikin biyar na masu tsananin ciwon ya rasu cikin mako guda. Ko a ƙasashen da gadajen ICU suka wadata, an daɗe da sanin cewa zuciya ba ta cika tsayawa haka kwatsam ba. Sa'o'i shida zuwa takwas kafin nan alamu sukan bayyana, sau da yawa ma har an rubuta su a katin majinyaci, sai dai ba wanda ya haɗa su ya karanta. Mutumin da ke tsaye kusa da gadon a waɗannan sa'o'i nas ne, kuma galibi sabon fitowa.

Shi ya sa nake cewa a fara da numfashi. A cikin duk awon da nas ke yi, shi ne ya fi saurin tona asirin ciwo, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Duba katin majinyata za ka ga 18, 18, 20, 18, safe da yamma, tamkar da hatimi aka buga. Dalili a fili yake: na'ura ke ba da awon jini da zafin jiki, shi kuwa numfashi sai an tsaya an ƙirga. Yadda ya kamata a koya shi: ɗalibi ya riƙe wuyan hannun majinyaci kamar bugun zuciya yake ji, don idan mutum ya san ana kallon numfashinsa sai ya canza shi. Ya kalli ƙirji yana hawa yana sauka tsawon daƙiƙa 60 cif. Ƙirga daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu yana ninka kuskure ma sau huɗu. Babban mutum a zaune lafiya yana numfashi 12 zuwa 20 a minti. Daga 25 zuwa sama, ko 8 zuwa ƙasa, magana ta tashi daga hannun nas shi kaɗai. Kuma lamba ba ta isa ba. Shin yana iya gama jimla ba tare da ya tsaya ya ja iska ba? Tsokar wuyansa na aiki? Ɓangarorin ƙirji biyu tare suke motsi? Ya ƙi kwanciya sai zama?

Ɗalibin da ya san dalili ba zai ƙara rubuta 18 daga kansa ba. Idan ƙwayoyin cuta suka bazu a jiki, abin da ake kira sefsis, ko jini na zuba a ɓoye, gaɓoɓi ba sa samun isasshen oksijin, sai tsami ya taru a jini. Hanya mafi sauri da jiki ke rage wannan tsami ita ce fitar da iskar kabon ta huhu, don haka numfashi ke fara hawa tun huhun yana lafiya lau. Awon jini kuwa shi ne ke zuwa a makare. Jijiyoyi suna matsewa, zuciya tana ƙara gudu, su riƙe shi a sama. Matashi mai ƙarfi zai iya zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa kafin awon ya faɗi. Nas ɗin da ke jiran awon jini ya sauka kafin ya ɗaga murya ya bar lokacin da magani ya fi ci ya wuce.

Mu ɗauki misali. Dattijo mai nauyin kilo 70, kwana biyu da yi masa tiyatar hanji. Ƙarfe goma na dare komai daidai: numfashi 18, bugun zuciya 88, awon jini 128 bisa 78, zafin jiki 37.6, oksijin a jini 96. Ƙarfe biyu na dare numfashi ya kai 24, bugu 112, awon jini 104 bisa 62, zafi 38.4, oksijin 94. Yana magana, yana cewa da sauƙi, sai ɗan sanyi da yake ji. Idan aka ɗauki lambobin nan ɗai-ɗai, babu wadda za ta tayar da hankali, kowacce ana iya samo mata uzuri. Saboda irin wannan ne Kwalejin Likitoci ta Sarauta da ke Landan ta fitar da ma'aunin gargaɗi da ake kira NEWS a 2012, ta sabunta shi a 2017. Kowane awo yana da maki daga sifili zuwa uku. A nan numfashi ya ci 2, bugu 2, awon jini 1, zafi 1, oksijin 1. Jimilla 7. A ƙa'idar ma'aunin, maki 5 na nufin likita ya zo da gaggawa, 7 kuwa na nufin a kira tawagar ceto a tsaya a kan majinyaci. Leƙa jakar fitsari kuma: mililita 80 cikin sa'a huɗu, wato 20 a sa'a. Abin da ake so aƙalla rabin mililita ne ga kowane kilo a sa'a, wato 35 ga wannan dattijo. Ƙoda ta riga ta fara jin jiki. Taɓa yatsun ƙafarsa, sanyi. Danna farcensa daƙiƙa biyar ka saki, maimakon launi ya dawo cikin daƙiƙa biyu sai ya ɗauki huɗu. Wataƙila ɗinkin hanjin ne ya buɗe, abin da ke ciki yana zuba a cikinsa. Ba aikin nas ba ne ya yanke wannan hukunci, aikinsa ya gane cewa ba za a jira wayewar gari ba.

Daga nan sai kiran likita, kuma shi ma darasi ne da ake koya da maimaici. Sabon nas yakan ɗauki waya ya ce, "Dakta, don Allah mai gado na bakwai kamar ba ya jin daɗi." Likitan da ke da majinyata uku a gabansa zai ce a ba shi maganin zazzaɓi, yana zuwa. Wanda aka horar cewa zai yi: "Dakta, barka da dare. Ina kira ne a kan dattijon gado na bakwai, makinsa ya tashi daga sifili zuwa bakwai cikin sa'a huɗu. Kwana biyu da tiyatar hanji. Numfashi 24, bugu 112, jini 104 bisa 62, fitsari 20 a sa'a, cikinsa ya ɗaure. Ina tsoron sefsis ne. Ina roƙon ka zo cikin minti goma sha biyar. Kafin ka iso, in ɗibi jini in sa robar ƙarin ruwa ta biyu a jijiya?" Halin da ake ciki, tarihin da ya dace, abin da nas ke zato, abin da yake nema. Idan minti goma sha biyar suka cika ba a zo ba, ɗalibi ya san wa zai kira na gaba, kuma ya san yin hakan ba rashin kunya ba ne. Wanda bai taɓa furta irin waɗannan kalmomi a aji ba, harshensa zai sarƙe a daren da ake buƙatarsu.

Sai tsarin duba majinyaci daki-daki wanda duniya ta sani da ABCDE: hanyar iska, numfashi, zagayawar jini, hankali, sannan a buɗe jiki a duba ko'ina. Hikimar jerin ita ce abin da ya fi saurin kisa shi ake fara gyarawa, kuma ba a wucewa gaba sai an gyara na baya. Mai amsa magana sarai, hanyar iskarsa a buɗe take. Minshari a wurin wanda ya suma yana nufin harshe ya faɗa baya, sai a ɗaga haɓa, ko a turo muƙamuƙi gaba idan ana zargin rauni a wuya. Ƙarar ruwa a maƙogwaro na nufin amai ko jini ko majina, sai a juya shi a gefe a zuƙe. Wajen hankali kuma, duk wanda ya rikice ko ya suma a auna masa sukari nan take. Ƙasa da 4 a ma'aunin milimol abu ne da ake gyarawa cikin mintuna, amma idan aka manta shi ƙwaƙwalwa ce ke biya. Tsohon da ya fara sambatu da dare, yana fizge robar ƙarin ruwa, kada a ce tsufa ne ko rigima. Sabuwar rikicewar hankali ita kaɗai maki uku ce.

Oksijin magani ne mai ƙa'ida, sai dai da yawa ana koya shi kamar buɗe famfo. Robar hanci tana ɗaukar lita 1 zuwa 6 a minti. Takunkumin fuska na yau da kullum ba a sa shi ƙasa da lita 5, in ba haka ba mutum zai riƙa shaƙar iskar da ya fitar. Mai jaka, wanda ake sa wa wanda ya jigata, lita 15 yake so, kuma sai an toshe ƙofar iskar da ke cikin takunkumin da yatsa jakar ta cika kafin a ɗora shi a fuska. Ga yawancin manya ana neman 94 zuwa 98. Ga mai daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu, 88 zuwa 92, don yawan oksijin na iya sa iskar kabon ta taru masa har ya fara gyangyaɗi ya suma. Ɗan ma'aunin da ake maƙalawa a yatsa shi ma yana ƙarya: a yatsa mai sanyi, a farce mai fenti, a wanda ya shaƙi hayaƙin gawayi ko na janareta. Binciken da aka buga a Amurka a 2020 ya nuna cewa a majinyata baƙar fata, ma'aunin ya kusa ninka uku wajen nuna lamba mai kyau alhali oksijin ya yi ƙasa. Saboda haka idan ma'auni ya ce 95 amma mutum na haki da gumi, mutumin za a gaskata.

Lissafi kuma, ba na ganin dalilin yi wa ɗalibi sassauci a kansa. Lita ɗaya ta ruwa cikin sa'a 8, da robar da ɗigo 20 nata ke cika mililita ɗaya, ɗigo 42 ke nan a minti. Ɗalibi ya iya fitar da wannan a kan takarda ba tare da waya ba. Ya san cewa sinadarin fotasiyam ba a taɓa tura shi kai tsaye cikin jijiya da sirinji, don yana tsayar da zuciya. Tsarma shi ake yi a jakar ruwa, a jujjuya jakar sosai saboda yana da nauyi yana kwantawa a ƙasa, kuma ta jijiyar hannu ba a cika wuce milimol 10 a sa'a ba. Ya san cewa maganin adirenalin kala biyu ne a kwalba: mai kauri, wanda ake yi wa mai mummunan borin jini rabin miligiram a tsokar cinya, da tsarmamme, wanda ake ba miligiram ɗaya ta jijiya idan zuciya ta tsaya. Musanya su ya sha jefa majinyata cikin haɗari. Irin wannan takarda ba ta kashi hamsin ba ce. Wanda ya ci tara cikin goma ya sake zama, domin tambaya ta goman majinyaci ce.

Sai bayan duk wannan ya zauna a hannu ne shiga ICU ke da amfani, kuma ko a can abin da mai farawa ke buƙata ba shi ne juya maɓallan na'urar numfashi ba. Ya koyi duba lambar da bututun numfashi ya tsaya a kanta a bakin haƙora lokacin karɓar aiki, yawanci wajen santimita 21 ga mace, 23 ga namiji, don idan ya zurma ciki huhu ɗaya kaɗai zai riƙa samun iska. Ya koyi cewa ɗan balan-balan da ke riƙe bututun a maƙogwaro ana auna iskarsa ta tsaya tsakanin 20 da 30 a ma'aunin santimita na ruwa: idan ta gaza, yawu da ƙwayoyin cuta su gangara huhu, idan ta wuce, ta danne jinin bangon maƙogwaro ya yi rauni. Kan gado a ɗage digiri 30 zuwa 45. A wanke baki a kai a kai. Wajen zuƙe majina, a ƙara oksijin tukuna, a zura robar ba tare da zuƙa ba, a zuƙa lokacin fitarwa kawai, kuma kada a wuce daƙiƙa 15. Robar abinci ta hanci ba a tabbatar da ita da hura iska a saurara a ciki, wannan tsohuwar dabara ta sha zuba abinci a huhu. Ruwan ciki ake zuƙowa a gwada tsaminsa, ya kasance 5.5 ko ƙasa. A juya majinyaci kusan kowace sa'a biyu, a duba dunduniya da ƙugu da ƙeya. Kuma a yi masa magana. A gaishe shi da sunansa, a faɗa masa za a juya shi, ko da yana cikin dogon suma. Ba wanda ya san iyakar abin da yake ji, kuma 'yan'uwansa da ke tsaye a bakin ƙofa suna kallo.

Idan na'ura ta fara ihu oksijin na sauka, abu huɗu ne za su zo wa nas: ko bututun ya goce, ko ya toshe, ko huhu ya huje iska ta taru a ƙirji, ko na'urar ce ta samu matsala. Kafin ya gano wanne ne, ya cire majinyaci daga na'ura, ya haɗa jakar hura iska da oksijin, ya riƙa matsawa da hannu, ya kira taimako. Wannan jakar ita ce tushen sana'ar baki ɗaya. A 1952, lokacin annobar shan inna a Kopenhagen ta ƙasar Denmak, asibitin Blegdam ya cika da waɗanda numfashi ya gagare su, na'urori kuma ba su kai ko'ina ba. Likitan sa barci Bjørn Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a riƙa hura iska da jaka. Ɗalibai kusan 1,500 ne suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jakar nan tsawon makonni, kuma mace-macen ya sauko daga sama da kashi 80 cikin 100 zuwa kusan rabin haka. Shekara guda bayan nan Ibsen ya buɗe sashen kulawa ta musamman na farko. Hannun ɗalibai ne suka fara wannan aiki, don haka cewa ya fi ƙarfin ɗalibi magana ce da tarihi bai goyi bayanta ba.

Na san abin da masu tsara manhaja za su ce. Na ɗaya, manhaja ta cika. Gaskiya ne, amma abin da nake nema ba sabon kwas ba ne da za a ɗora a kan na da. Duk darasin awon jiki na shekarar farko a haɗa shi da tambayar "idan lambar ta fita daga ƙa'ida, me za ka yi cikin minti biyar?" Darasin ƙoda ya zo da jakar fitsari, darasin huhu ya zo da takunkumin oksijin a hannu. Na biyu, akwai kwas na ƙwarewa bayan kammalawa. Akwai, kuma yana da muhimmanci, amma kaɗan ne ke samun zuwa, su kuma a ICU suke ƙarewa, nesa da dattijon gado na bakwai. Annobar korona ta 2020 ta nuna yadda aka riƙa ɗebo ma'aikatan jinya daga sassa dabam-dabam ana tura su kan na'urorin numfashi bayan horon 'yan kwanaki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku, babu kuɗin sayen mutum-mutumi mai numfashi da magana. Yana da kyau idan akwai, amma ɗalibi ya kwanta a gado, malami ya riƙa ɗaga lambobi a kati yana canza su gwargwadon abin da sauran suka yi, wannan ya isa a koyi jerin dubawa da kiran likita. Abin da ya fi tsada shi ne malamin da har yanzu hannunsa ke cikin aikin asibiti, mai iya tsayar da wasan ya tambaya, "Me ya sa ka tafi neman ma'aunin zafi alhali yana minshari?"

Akwai ƙorafi ɗaya da na yarda da shi: horo ba ya maye gurbin yawan ma'aikata. Binciken da Linda Aiken da abokan aikinta suka buga a Lancet a 2014, daga asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, ya nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara yiwuwar mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin 100. Nas ɗin da aka jibga wa gadaje fiye da ƙima ba zai iya tsayawa minti guda a kan kowane ƙirji ba. Amma shi ne ma ya fi buƙatar idon da zai shiga ɗaki ya ware mutum biyu da za a fara da su. Binciken nan ya kuma nuna cewa inda masu zurfin karatu suka fi yawa a cikin ma'aikatan jinya, mace-macen sun ragu.

Abu na ƙarshe da makaranta za ta dasa shi ne ƙarfin halin tsayar da na gaba cikin ladabi. A jihar Michigan ta Amurka, Peter Pronovost da abokansa sun sa sassan ICU 103 bin matakai biyar wajen sa robar babbar jijiya: wanke hannu, rufe jiki da majinyaci gaba ɗaya da kaya masu tsafta, goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kulohezidin, guje wa jijiyar matse-matsi, da cire robar da zarar an gama da ita. Babu sabon abu a ciki, kowane likita ya san su. Abin da ya canza shi ne an ba nas ikon ya ce a dakata idan an tsallake mataki. Sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna kamuwa da cuta ta wannan roba ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku.

Duk wannan zai tsaya a takarda muddin jarrabawa ba ta canza ba, domin ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa. Majalisun da ke ba ma'aikatan jinya lasisi su sa tasha guda ta dole a jarrabawar aiki: ga majinyaci a gado, ga minti goma. Ɗalibi ya duba hanyar iska, ya ƙirga numfashi minti cikakke, ya zaɓi takunkumin da ya dace ya buɗe litar da ta dace, ya haɗa maki, ya auna sukari, ya ɗauki waya ya yi kira. Wanda ya tsallake hanyar iska, ko ya ga maki bakwai bai kira kowa ba, ya faɗi tashar ko da ya ci dukan sauran takardu, a ba shi malami na mako biyu, ya dawo ya sake.